Takalmin golf mai ƙusar ƙarfe da aka sayar min a Wuse

Ba zan kama sunan shagon ba, amma duk mai sayen kayan wasanni a filaza-filazan Wuse 2 ya san irinsu: hawa na sama, gilashi a gaba, sanyin na'ura, ga allo an rubuta cewa akwai kayan golf tun daga hula har takalmi. Kuɗin kayansu kuwa kun san yadda yake, ba wurin da mutum zai shiga da canjin aljihu ba ne. Na biya ba tare da dogon ciniki ba saboda abu ɗaya nake nema, wato a haɗa min shigar da kulob zai karɓa. Abin da suka kasa yi ke nan, kuma har yanzu abin yana cina.

Maigidana a wurin aiki ya daɗe yana kwaɗaita min wasan nan, daga ƙarshe ya ce zai shiga da ni kulob ɗinsu ranar Asabar a matsayin baƙonsa. Gargaɗinsa ɗaya ne: "Ka zo da shigar da ta dace, don a can ba a ɗaga wa kowa ƙafa, har ni." Da na shiga shagon na faɗa wa mai shi ƙarara cewa ban taɓa riƙe sandar golf ba, ban san dokokin sutura ba, na dogara da shi. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, manyan garin nan duk a wurinmu suke saye." Ya haɗo riguna masu kwala, wando biyu, bel, hular hana-salla, safar hannu da takalmi fari mai ratsin baƙi a cikin kwalinsa.

Ranar Asabar da sassafe muna tafiya daga ɗakin canja kaya zuwa wurin bugun farko, takalmina yana ƙwas-ƙwas a kan daɓe, na sauran shiru. Jami'in da ke sallamar 'yan wasa ya matso cikin ladabi ya ce, "Yallaɓai, don Allah ɗan ɗaga ƙafarka in gani." Na ɗaga. Ya ce ƙusoshin ƙarfe ne, ba za a shiga fili da su ba. Bai ɗaga murya ba, bai wulaƙanta ni ba, har haƙuri ya ba ni, amma fa a gaban maigidana da abokansa dattawa biyu aka yi, mutanen da ranar na fara gaisawa da su. Wanda ya taɓa zama baƙon babban mutum ya san nauyin wannan. Kunyar da na ji ba tawa kaɗai ba ce, har da ta wanda ya kawo ni ya sa hannu a littafin baƙi da sunansa.

Kuma jami'in yana da gaskiya. Ciyawar da ke kewaye da rami ana aske ta ƙasa-ƙasa, 'yan milimita kaɗan, domin ƙwallo ta gangara sumul. Ƙusar ƙarfe tana tsinke ta, ta bar tabo, wanda ya zo bayanka ya buga ƙwallonsa ta kauce. Ga karce daɓe da katakon ɗakin kulob. Tun shekarun 1990 kulob-kulob a Amurka da Turai suka fara hana ta, aka koma ƙusar roba, yanzu ma akwai takalman da ba su da ƙusa sam sai ƙananan haƙoran roba a tafinsu. Ke nan abin da aka sayar min a matsayin sabon yayi, samfurin da aka daɗe da barinsa ne. Mutumin da sana'arsa ke nan bai san wannan ba? Ko ya sani ya ga baƙon wasa ya sauke min?

Kowace tawaga tana da lokacin da aka ba ta na fara bugu, wasu na jira a baya, don haka dole maigida da abokansa suka wuce. Na tsaya riƙe da jaka ban san abin yi ba. Wanda ya fitar da ni wani kadi ne, wato mai ɗaukar jakar sanduna, dattijo mai furfura, ɗan Jos. Ya ce, "Ranka ya daɗe, zauna ka cire, wannan ba abin komawa gida ba ne." Ya zaro wani ɗan makulli mai haƙora biyu daga aljihunsa, ashe ƙusoshin ɗaure su ake yi kamar noti, ana kwancewa. Wasu suka fita salin alin, wasu suka ƙi, sai da ya ɗiga musu mai. Ya nuna min tsatsar da ke gindinsu ya girgiza kai, ya ce takalmin nan ya shekara da shekaru a ajiye. Yana aiki yana ba ni labari cewa a filin Rayfield ya fara ɗaukar jaka tun yana yaro, filin da aka kafa a 1913 zamanin Turawan haƙar kuza, wanda ake lissafawa a matsayin mafi tsufa a Najeriya. Ya samo ƙusoshin roba masu shiga gurbin tsofaffin, ya ɗaura, na bi sawu na cim ma su maigida sun riga sun yi nisa. Abin da na ba Baba nan bai kai darajar abin da ya yi min ba. Allah Ya saka masa da alheri.

To, in za a faɗi gaskiya, rigar ta burge ni ƙwarai. Cikakken wasa, wato rami 18, yana cin kusan awa 4, a ƙafa, cikin zafin Abuja na watan Maris. Na yi zaton zan jiƙe sharkaf, amma yadin irin mai tsotse gumi ne ya bushe nan take, ba ya manne wa jiki kamar auduga. Kwalar tana tsaye, ba ta naɗe ba ko bayan wanki. Abin da ya fi min daɗi shi ne tsawonta. Doka ce a yi zanzaro, kuma da yawan rigunan nan gajeru ne, kana juya jiki ka buga sai su zame. Wannan ba ta zame ba, har da na tsaya sallar Azahar da ita, na yi ruku'u da sujada bayana bai buɗe ba. A hanyar komawa gida har na fara ce wa kaina wataƙila kuskure ne aka samu a takalmin, shagon ba laifi.

Sai dai na tuna safar hannu. Mai bugu da dama a hannun hagu yake sa ta, guda ɗaya tak, domin shi ne hannun da ke saman riƙon sanda. Ni na-dama ne, mai shagon ya ga da hannun da na sa hannu a rasit, amma ta dama ya ba ni. Haka na buga ranar hannu tsirara, na dawo da bororo a gindin yatsu. Wando na biyun kuma, da na nuna wa maigida hotonsa, ya ce kada ma in ɗauko shi, mai manyan aljihu a cinya ne, yawancin kulob ba sa karɓa, daidai yake da jins a wurinsu. Abu uku ke nan cikin abin da na biya.

Na koma shagon da kayan da tsofaffin ƙusoshin a leda. Ban je da faɗa ba, canji kawai na nema na safar hannu da wando, ko alamar kwali ban cire musu ba. Mai shagon ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Da na zube masa ƙusoshin masu tsatsa a kan kanta, cewa ya yi ai ƙwararrun da ake nunawa a talabijin suna sa na ƙarfe. Haka ne, akwai 'yan kaɗan da har yanzu suke sawa a manyan gasanni, amma ni ba gasa na ce masa zan je ba, baƙon kulob ne ni, kuma na faɗa masa tun farko. Ko "yi haƙuri" ban samu ba. Wannan ya fi kuɗin ƙona min rai.

Wanda aka gayyata irin wannan wuri, kada ya bar mai shago ya zama malaminsa. Ya kira ofishin kulob ɗin ya tambaya, don dokokin suna ɗan bambanta, ko da yake ginshiƙin ɗaya ne. Riga mai kwala a yi mata zanzaro, wandon yadi mai bel, safa, da takalmi mai ƙusar roba ko marar ƙusa. Ba jins, ba tishat, ba jesin ƙwallon ƙafa, ba silifas, kaftani da jallabiya kuma a bar su a mota sai an tashi. Bakin hula ya kalli gaba, kuma wurare da dama suna so a cire ta in an shiga ɗakin cin abinci. Ana yarda da gajeren wando mai kaiwa gwiwa, amma ni dogo na zaɓa saboda al'aura, kuma babu wanda ya ce min uffan. Kafin ka biya kuɗin takalmi, ka kifa shi ka taɓa tafin da yatsa.

Rigunan ina ci gaba da sa su, ba zan ɓoye alherinsu ba. Safar hannu na sayi wata a shagon cikin kulob, inda yaron ya fara tambayata da wane hannu nake bugu kafin ya miƙo komai. Wandon na kai wa telana a Kubwa ya cire aljihunan, amma sawun ɗinkin ya fito fili, ba zai shiga kulob ba. Shagon Wuse kuwa ya gama ganin kuɗina, kuma abokan aikina biyu da ke shirin fara wasan na riga na faɗa musu hawan da ƙofar da za su wuce ba tare da sun leƙa ba.