Horon tsaron intanet a wurin aikinmu: ya amfane ni, amma an bar su Baba a bakin get

Shekarata 11 a ofishin adana sakamakon jarrabawa na wata jami'a a nan Legas. Wata Talata imel ya shigo min da tambarin makarantarmu, wai an fara biyan ariyas, kowa ya tabbatar da sunansa kafin ƙarfe huɗu. Na danna, na zuba kalmar sirrina. Sai shafin ya sanar da ni cewa gwaji ne daga kamfanin da aka ɗauko ya horar da mu. Jikina ya yi sanyi, domin da wannan kalmar ake buɗe makin ɗaliban tsangaya guda.

Saboda haka ranar horon tun asuba na bar Agege, don kada cunkoso ya sa in rasa farkonsa.

Ranar farko ta biya wahalar hanya. Malamar yarinya ce, amma ta san aikinta. Ta haska imel ɗin nan a bango, ta ce mu karanta adireshin wanda ya aiko harafi-harafi. Ashe "r" da "n" aka manna suka zama kamar "m". Ta ce ɗan damfara da abu biyu yake kama mutum, kwaɗayi da gaggawa, don haka duk saƙon da ya haɗa kuɗi da wa'adi, a ɗaga waya a kira ofishin da aka ce shi ya aiko. Daga nan ta zaga ofisoshinmu tana ɗaga kibod, ga takardun kalmar sirri manne a ƙasa. Ba ta kunyata kowa ba. Ta sa kowa ya canza tasa a take, da doguwar jimla ta kalmomi huɗu ko biyar, ta kuma hana mu amfani da kalma ɗaya a shafin makaranta da Facebook. Tawa da Hausa na haɗa ta.

Rana ta biyu kuwa karatun doka aka yi mana daga majigi har awa uku, rabin zauren na gyangyaɗi. Abin da na riƙe shi ne Dokar Kare Bayanai ta 2023: idan bayanan mutane suka fita ta yadda za a iya cutar da su, cikin awa 72 ake sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Ke nan ɓoye kuskure don tsoron oga shi ne babban kuskuren. Wannan ai minti ashirin ya ishe shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba a gayyaci masu gadi da direbobi da masu shara ba, wai ba sa taɓa kwamfuta. To ai suna da waya! Baba mai gadin get ɗinmu, dattijo ɗan Katsina, a watan jiya aka kira shi da sunan ƙungiyar 'yan garinsu, aka ce ya karanto lambobi 6 da suka shigo masa don a saka shi a taro. Ya karanto, aka ƙwace WhatsApp ɗinsa, aka bi 'yan uwansa na Mile 12 da Idi-Araba ana roƙon kuɗin asibiti da sunansa. Lambobin rabin ma'aikatanmu suna cikin wayar nan.

Duk makarantar da za ta ɗauki irin wannan kamfani, ina ba ta shawara ta ɗauka, amma ta sa sharaɗin awa ɗaya da Hausa da Yarbanci da buroka don ƙananan ma'aikata. Na rubuta haka a takardar jin ra'ayi da suka raba.

Da aka tashi na zauna a bencin Baba, muka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da shi zai zaɓa da kansa. Ya ce, "Hajiya, riƙe min lambar a wurinki." Na ce, "A'a Baba, ko ni kada ka faɗa wa." Ya juya baya ya danna abarsa, sannan ya ƙwala wa abokin aikinsa na get ɗin baya kira, ya ce ya zo da tasa wayar.