Zaman ido da ido ko na waya? Ga ɗan uwan da ke son rabuwa da giya

Ɗan uwa, kai da ka ɓoye suna kana tambaya ko ka nemi zaman masu barin giya a garinku, ko ka shiga na waya don kada a gan ka: je ka na ido da ido. Duka biyun na yi, kuma yau shekarata 4 rabona da kwalba, alhamdu lillahi.

Ranar da na fara zuwa, sau uku na zagaya layin a kan mashin ina leƙen ko akwai idon sani. Ɗan ɗaki ne a bayan wani asibiti, kujerun roba tara, sai filas ɗin shayi a kan benci. Wani dattijo, tsohon direban tirela, ya ga hannuna na rawa. Bai ce min komai ba, sai ya zuba min rabin kofi don kada ya zube a jikina, ya ci gaba da labarinsa. Ya faɗi yadda yake cusa 'yar leda a safa, ya tauna kanumfari a ƙofar gida kafin ya yi sallama. Wallahi abin da nake yi ke nan sak. Shekara 11 ina zaton ni kaɗai ne mai wannan ɓoyon. Da aka tashi ya rubuta min lambarsa a bayan kwalin magani, ya ce, "Ƙanena, in abin ya motsa ka kira ni kafin ka sha, ba bayan ka sha ba." Daren da albashi ya shigo na kira shi ƙarfe biyu, ya ɗauka, muka yi ta hira har aka kira assalatu.

Tsarin da muke bi na AA ne, wato Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su bar giya, wadda Bill Wilson da wani likita Bob Smith suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka, su ma mashaya ne da suka riƙe juna. Matakai 12 ne. Ba fom, ba kuɗin shiga, ba a tambayar sunan mahaifinka, sharaɗin kawai ka zo da niyyar bari. Abin da aka faɗa a ɗakin a nan ake barinsa. Wani wurin za ka tarar ɗakin taron coci aka ara, kada wannan ya mai da kai gida. Ba wanda ya taɓa ce min in canza alƙibla, a zamanmu Musulmi da Kirista kafaɗa da kafaɗa muke.

Na waya kuwa, to, ya fi babu. Yana cin data, yawanci da Turanci ake yi, kuma ni dai na sha kashe kyamara ina sauraro da kwalba a gefen ƙafata, babu mai jin warina. Ka ajiye shi don ranar tafiya, ko in garinku babu zama sam.

Irin wannan zaman ba shi da allo a bakin titi, sai an tambaya. Fara da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa da kai: Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, ko na tarayya da ke Maiduguri. Ka ce a kai ka wurin masu kula da shaye-shaye, ka tambayi nas ko waɗanda aka sallama suna da ranar haɗuwa. Ni ta bakin wata nas na samu namu. Ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ma yana da masu ba da shawara. Kuma lallai ka ga likita kafin ka yanke, in kullum kake sha. Yanke giya farat ɗaya yana kawo rawar jiki da gumi cikin yini guda, wani ya yi farfaɗiya, wani a kwana na biyu ko na uku ya shiga ruɗewa da gane-gane, kuma wannan yana kisa. Zaman 'yan uwa ba ya maganin wannan, na asibiti ne.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don yanzu akwatin saƙonka zai cika. Duk wanda ya ce yana da garin maganin da za ka sha kwana uku giya ta fita ranka, ɓarawo ne. Mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu ta biya wani irin wannan. Amai na yi ta yi har na kasa tashi, sati bai cika ba na koma ruwa, da muka kira shi ya ce jinina ne mai ƙarfi, sai an ƙara kuɗi. Haka nan kada ka yarda dangi su kai ka gidan da ake rufe mutum a hana ganinsa. Ka tuna unguwar Rigasa a Kaduna, a watan Satumbar 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida irin wannan, wasu da sarƙa a ƙafa. Zaman gaskiya, iyakarsa a zagaya da kwano wanda ya ga dama ya jefa na shayi.

Ka je sau shida kafin ka ce bai yi maka ba, kuma ba sai ka yi magana ranar farko ba. In garinmu ɗaya, yi min magana ta gefe, ranar Alhamis in biyo in ɗauke ka mu shiga tare.