Daga Jamus: Batun Kyamarar Da Ka Ce In Duba Maka

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa, na zaga shaguna uku a nan Hamburg kan saƙon da ka ba ni na duba maka kyamarar ɗaukar fim, kuma shawarata ita ce ka haƙura da sabuwa mu sayi ta hannu.

Abin da ya bambanta kasuwar nan da Beirut Road ta Kano ba ingancin kaya ba ne, domin kamfanonin da suke ƙera na nan su ne suke ƙera na can. Bambancin yana ga doka. Galibin abin da ka saya ta intanet daga hannun ɗan kasuwa, kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba, sabon kaya yana da garantin shekara biyu, na hannu kuwa akalla shekara ɗaya idan a shago ka saya. Sai dai babu ciniki, kuma harajin kashi 19 cikin ɗari yana cikin farashin. Na gwada neman ragi irin namu na gida, mai shagon ya yi murmushi kawai ya nuna mini takardar da ke manne a jikin kwalin.

Kyamarori uku na riƙe da hannuna. Blackmagic Pocket 4K, wadda ta fito a 2018 a kan dala 1,295, ita ce ta fi ba da launi irin na silima, har da manhajar tace fim ta DaVinci Resolve ake haɗawa da ita, amma ƙaramin batirinta da ƙyar yake kai awa ɗaya, kuma ba ta da na'urar hana hoto rawa. Ka tuna yadda wuta take a unguwarmu. Sony FX30 ta 2022 tana da fanka a ciki, tana kuma bin fuskar mutum da kanta, sai dai kuɗinta zai cinye jarinka gaba ɗaya.

Hankalina ya fi kwanciya da Panasonic GH5. Tun 2017 ta fito, shi ya sa yanzu ake samun ta hannu a ƙasa da rabin farashinta na farko, alhali tana ɗaukar bidiyo mai tsananin kaifi da ake kira 4K ba tare da iyakar lokaci ba, tana daidaita hoto idan hannu ya yi rawa, kuma an toshe jikinta yadda ƙura ba za ta shiga da sauƙi ba, abin da za ka gode masa idan hunturu ya kama. Rauninta biyu ne: ba ta da ƙarfi a duhu, kuma ba ta ƙware wajen saita kaifin hoto da kanta ba, gara ka saita da hannunka.

Ragowar kuɗin zan saya maka makirfo, da fitila ɗaya, da baƙin gilashin rage haske da ake kira ND, domin ranar Kano ba za ta bar ka ka ɗauki hoto mai taushi ba sai da shi. Na kuma tsinci tsohon gilashin gaban kyamara, wato lens, samfurin Helios 44-2 na zamanin Tarayyar Sobiyet a kasuwar gwanjo ta ranar Asabar, wanda yake murɗa bayan hoto ya bar fuska fes.

Ka sani garantin nan ba zai amfane ka a Kano ba, tunda sai an dawo da kayan Jamus. Saboda haka zan yi mako biyu ina gwada ta kafin in ba mai tahowa gida da Sallah, tare da rasit da batura huɗu.