Na'urar gwajin suga ga mai juna biyu: wacce za a saya a Zariya?

Idan mace ta je awo aka ba ta ruwan gulukos ta sha, gwajin nan da ake yi tsakanin mako na 24 da na 28, likita ya ce suga ya hau, abu na gaba shi ne a nemo na'urar gwaji ta gida. A asibitin Shika take awo ko a asibitin Gambo Sawaba, galibi za a ce ta auna da safe kafin ta sa komai a baki, sannan bayan kowane abinci. Abin da ake so na'urar ta nuna shi ne ƙasa da 95 kafin karin kumallo, ƙasa da 140 awa ɗaya bayan cin abinci, ko ƙasa da 120 bayan awa biyu.

Sau huɗu ke nan a rana. Daga mako na 28 zuwa na 40 kwana 84 ne, wato tsinken gwaji (ɗan abin da ake sa wa na'ura a ɗiga masa jini) sama da 330, kusan gwangwani bakwai masu hamsin-hamsin. To ka ga kuɗin ba a jikin na'urar yake ba. Kafin ka tambayi farashinta, tambayi farashin tsinkenta, ka kuma tabbatar za ka same shi a Tudun Wada ko Samaru ranar da ya ƙare da daddare. Mu dai an taɓa kawo wa maiɗakina wata kyakkyawa tsaraba daga ƙasar waje, tsinke goma na cikin kwalin suka ƙare, na zaga kemis-kemis ɗin Sabon Gari har PZ babu wanda ya ma san sunanta.

Shi ya sa nake tsayawa kan Accu-Chek Active ta kamfanin Roche. Ba ita ce mafi araha ba, kuma tana son jini ɗan fiye da sababbin yayi, amma da wuya ka shiga babban kemis a garin nan ka rasa tsinkenta. Sakamako yana fitowa cikin kamar daƙiƙa biyar. Tana riƙe awo 500 da kwanan wata da lokacin kowanne, ana kuma iya yi wa kowanne alamar kafin abinci ko bayansa, abin da likita zai fara nema ke nan ranar awo. Ana iya zaro tsinken a ɗiga masa jini a waje sannan a mayar, wanda ke sauƙaƙa wa mai tsohon ciki da hannu ya kumbura. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan tagar da ke bayan tsinken: launinta yana sauyawa gwargwadon sugan, ga kuma jerin launuka a jikin gwangwanin da za ka gwada da shi. Idan na'ura ta ce 90 amma launi ya nuna wajen 200, ka san akwai magana. Batirinta irin na agogo ne, CR2032.

Fine Test da On Call Plus sun fi sauƙin kuɗi, idan aljihu ya matse a saya, ba laifi. FreeStyle Libre da ake mannawa a damtse tana hutar da yatsa, amma duk kwana 14 sai an sayi sabuwa, wannan sai masu hali. Tsinken fitsari kuwa a manta da shi, domin ciki kansa yana sa suga ya zubo a fitsari ko jini lafiya lau yake.

Sai batun maguɗi, kuma nan ne mutane suke cutuwa. Kada ka yarda a ƙirga maka tsinke goma a ƙulla a leda. Tsinke ba ya son iska, ba ya son laima, yawancinsu ba a so su wuce zafin digiri 30, alhali a watan Afrilu Zariya tana taɓa 40. Gwangwanin da ya wuni a gilashin shago rana tana dukansa, ko a aljihun mota, ya riga ya tashi aiki ko da kwanansa bai ƙare ba. Duba ranar ƙarewa a kwali da jikin gwangwani, su zo ɗaya. Idan ka ga an liƙa wata takarda a kanta, ko an kankare, ajiye musu kayansu. Nemi lambar NAFDAC. Wanda ya sayar maka da ƙasa da rabin farashin kowa, ba don Allah ya yi ba. Lalataccen tsinke yana iya nuna 88 alhali sugan ya haura, uwa ta saki jiki da tuwon shinkafa da kunu mai zaƙi, jariri ya yi ta girma har ya wuce kilo huɗu, haihuwa ta zo da gardama, shi kuma sugansa ya faɗi bayan an haife shi.

Agoguna da zobban da ake tallatawa a Facebook wai suna auna suga ba tare da tsira yatsa ba, hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a Fabrairun 2024, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Masu lasifika a bakin tasha da ke cewa jiƙonsu yana kashe suga cikin sati, mai ciki ba ta da haɗi da su. Idan gyaran abinci da ɗan tattaki bayan cin abinci ba su wadatar ba, likita ne zai rubuta metformin ko allurar insulin.

Wani tarko kuma, wasu na'urorin suna lissafi da wani ma'auni daban da ake kira mmol, sai ka ga 5.3 maimakon 95. Ninka da 18 za ka samu ɗayan. Ranar da aka saya, a tafi da ita asibiti a auna tare da gwajin ɗakin awo. Ma'aunin duniya ya yarda da bambancin kusan kashi 15 cikin ɗari, abin da ya wuce haka a mayar da ita. A wanke hannu da sabulu a busar kafin a tsira, don yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro zai ba da lambar ƙarya.

Bayan haihuwa sugan yakan sauka da kansa, amma a koma asibiti a sake gwajin gulukos tsakanin mako shida zuwa goma sha biyu, kuma kada a kyautar da na'urar, domin wadda ta yi shi a ciki ɗaya yakan dawo mata a na gaba.