Garejin da ya ɗora mini aksul mai roba a Sabon Gari

Ƙwai nake kaiwa daga gonata da ke bayan Shika zuwa Sabon Gari da Tudun Wada a Zariya, kuma duk mai wannan sana'a ya san riba tana iya ƙarewa tsakanin ƙofar gona da bakin kwalta. Ƙaramar tirelar da nake ja da Hilux a kan sifirin take tun asali. In an cika ta maƙil tana tafiya lafiya lau, amma da rabin kaya sai ta yi ta tsalle kamar ɗan akuya, kiret-kiret ɗin ƙasa su sha wuya. Shi ya sa da na ci karo da aksul biyu 'yan Beljiyam masu roba a ciki, ƙirar AL-KO ta Jamus, farantin kowanne ya nuna kilo 1,000, ban yi wata-wata ba na saya. Samun wanda zai ɗora su ne ya zama aiki.

Irin wannan aksul ba shi da sifirin ko ɗaya. Bututu ne mai kusurwa shida, a cikinsa akwai wani ƙarfe mai gefe uku, an cusa dogayen robobi uku a tsakaninsu. Na Dexter da ake yi a Amurka kusurwa huɗu ne da roba huɗu, amma dabarar ɗaya ce. A kowane ƙarshe akwai gajeren hannu da ke riƙe da taya. In taya ta faɗa rami, hannun ya murɗa ƙarfen ciki, shi kuma ya matse robar, robar ta shanye bugun ta dawo da shi a hankali. Tayar dama ba ruwanta da abin da ta hagu ta taka.

Masu walda da na fara zagayawa duk bakinsu ɗaya: a kife shasi, a ɗora aksul, a manna da wuta, a naɗe bututun da jiƙaƙƙen tsumma. Wani direban tifa ne ya yi mini kwatancen wani dattijo a wajen Muciya, garejinsa rumfar kwano ce kawai da tsofaffin ƙarafa jibge a gefe. Ya durƙusa, ya goge farantin da babban yatsa ya karanta, ya ƙwanƙwasa bututun da sifana, sannan ya ɗago.

"Alhaji, wannan ba a sa masa wuta. Roba ce a ciki. In ta dahu ba za ka gani ba sai ranar da tirela ta zauna gefe ɗaya."

Na ce, "To Baba, ya za a yi?"

Ya nuna mini kunnuwa biyu masu huji da kamfani ya riga ya manna a jikin bututun. Ya ce a shasi za a yi duk waldar da za a yi, aksul yana can nesa a jingine, sai ƙarfe ya huce a kawo shi a ɗaure da bol da noti. A nan hankalina ya kwanta da shi.

Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shasin ne, kuma a nan na ga bambancinsa da saura. Sifirin yana raba nauyi wuri biyu masu tazara a kowane gefe. Aksul mai roba kuwa wuri ɗaya yake tara shi, ga kuma murɗar da hannun ke yi wa wurin duk lokacin da aka taka rami. Angul ɗin da aka yi tsohon shasina da shi ya yi sirara da wannan aiki. Sai ya shimfiɗa bututu mai kauri a ƙarƙashin kowane gefe, dogo har ya wuce aksul biyun gaba da baya, ya manna faranti a inda kunnuwan za su zauna. A cikin bututun, duk inda bol zai ratsa, ya zura ɗan guntun fayif ya kama shi da walda, don kada ɗaurin noti ya lotsa bututun. Ban taɓa ganin mai walda ya damu da wannan ba. Yaronsa ya kawo bol daga kasuwa, ya juya kansu ya ga babu lamba, ya mayar da shi ya ce sai masu lambar ƙarfi 8.8 a rubuce, da noti mai roba a baki wanda girgiza ba ta kwance shi.

Awon ma abin kallo ne. Ya kafa ƙusa a tsakiyar ƙugiyar ja, ya ja tef zuwa ƙarshen aksul na dama, ya rubuta da alli a ƙasa, ya ja zuwa na hagu. Ya ɗan buga da guduma ta kan katako, ya sake ja, har lambobin biyu suka zo daidai. Daga aksul na gaba ya auna na baya. Sai da ya gama duk wannan ya bari aka huda ƙarfe. Ya ce aksul in ya karkace ko da kaɗan ne, tirela za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya. Ya kuma tabbatar hannuwan baya suke kallo, tsakiyar aksul biyun ta ɗan wuce tsakiyar bodi zuwa baya, yadda wani ɓangare na nauyi zai sauka a ƙugiya, kada tirelar ta riƙa kaɗa wutsiya a kan titi.

Akwai gargaɗin da ya yi mini wanda na ga gaskiyarsa a tudun rage gudu na Samaru. Aksul biyu masu sifirin suna da ƙarfen da ke raba musu nauyi. Waɗannan ba su da shi. Idan tayoyin gaba suka hau tudu, na ɗan lokacin kusan su kaɗai ke ɗauke da kayan. Haka in wuyan tirela ya ɗaga sama, na baya ne zai yi ta shan wahala har robarsa ta gaji. Don haka ya sa na kawo Hilux ɗin, muka loda buhunan abincin kaji, ya ɗora ma'aunin magina a kan bodi, ya sauke ƙugiyar motar har tirelar ta tsaya sak.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Ranar da ya ce in zo ban samu aiki a gama ba, rabin laifin na wuta ne, rabi kuma ya karɓi aikin ƙofofi ya fifita shi. Fentin da yaransa suka shafa a kan waldar bai kai ƙarshen damina ba ya fara ɓarewa, sai da na kankare na sake. Birki kuma ba fanninsa ba ne. Aksul ɗin suna da birkin waya, irin wanda ke kamawa da kansa idan tirela ta turo mota daga baya, kuma a Turai tirelar da ta haura kilo 750 dole ta kasance da birki. Ya haɗa wayoyin, amma taya ɗaya tana riga sauran kamawa, gangar birkinta har zafi take yi. Wani makanike a Tudun Wada ne ya saita mini. Da dattijon ya ce mini tun farko in nemi mai gyaran birki, da na fi jin daɗi.

Tafiyar kuwa ta canja ƙwarai. Tirelar ta yi ƙasa, lodi ya yi sauƙi, ƙarar ƙarafa ta ɗauke. A gargadar da ke tsakanin gona da titin Funtuwa, inda a da nake jin kiret na bugun juna, yanzu in na sauke kaya a Sabon Gari fasassun da nake warewa ba su taka kara sun karya ba.

Wanda ya san zai riƙa labta wa tirela masara ko siminti fiye da ƙima, ya zauna a kan sifirinsa, don in ganye ɗaya ya karye ana samu a kasuwa a canja a yini guda. Wannan in robarsa ta mutu, sai dai a sauke aksul ɗin gaba ɗaya a nemo wani. Mai ƙwai, mai tumatirin fadamar Galma, mai ɗaukar janareta ko kayan sauti, shi zai more shi, kuma garejin dattijon nan zan tura shi. Ya je da bol ɗinsa masu lamba da fentinsa mai kyau, kada ya yarda a sa jak a ƙarƙashin bututun aksul in taya ta yi faci, a shasi ake sawa, sannan bayan 'yan tafiye-tafiyen farko ya koma a sake bin notocin da sifana.