Sharhi a Kan Faifan MTV Unplugged na Shakira

Kamar yawancin mutanenmu, na fara sanin Shakira, mawaƙiya 'yar ƙasar Kolombiya, ne a shekarar 2010, lokacin da waƙarta ta gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu ta cika gidajen kallon ƙwallo, waƙar da aka aro amshinta daga Zangalewa ta ƙungiyar Golden Sounds ta Kamaru. Na daɗe ina ɗaukar ta a matsayin mai rawa da waƙoƙin shagali kawai, har sai da na sayi faifanta na MTV Unplugged, wato shirin tashar talabijin ta MTV inda mawaƙa ke rera waƙoƙinsu tare da rage kayan kiɗan lantarki, na kuma shafe makonni uku ina sauraron sa tare da fassarar baitocin.

An ɗauki wannan faifai a gaban 'yan kallo a birnin New York cikin watan Agusta na 1999, aka fitar da shi a 2000, ya kuma ci lambar Grammy a 2001. Waƙoƙi goma sha ɗaya ne, da Sifaniyanci, kuma goma daga cikinsu sun fito ne daga kundinta na 1998, wanda ta raɗa wa suna mai ma'anar "ina ɓarayin suke?" bayan an sace jakarta mai ɗauke da rubutattun waƙoƙinta a filin jirgin saman Bogota, babban birnin Kolombiya. Sanin wannan labari ya sauya mini yadda nake sauraro, domin yarinyar da faifanta biyu na farko, na 1991 da na 1993, ba su samu kasuwa ba, ita ce ta zauna ta sake rubuta abin da aka sace mata, ta kuma rera shi a nan tana da shekara ashirin da biyu.

Abin da ya fi kama ni shi ne muryar. Da aka rage kayan kiɗan lantarki, sai karyewar muryarta da kaurinta suka fito fili, musamman a waƙoƙin rabuwa masu sanyi, inda jita da ganga kaɗan ne ke raka ta. A wata waƙar makaɗan mariyaci irin na Meziko suka shigo da kakakinsu. A ta ƙarshe kuwa akwai baiti da Larabci da kiɗa irin na Gabas ta Tsakiya, gadon mahaifinta ɗan asalin Labanan, kuma kunnen da ya saba da waƙoƙin Larabawa ba zai ji baƙunta ba.

Ƙorafina ɗaya ne: waƙa guda tak aka ɗauko daga Pies Descalzos na 1995, alhali shi ne kundin da ya fitar da sunanta daga Kolombiya zuwa sauran ƙasashen Latin Amurka. Na so a ba shi fili fiye da haka. Ga wanda ba ya jin Sifaniyanci, shawarata ita ce ya nemi fassarar baitocin kafin ya kunna, ya kuma saurare shi da abin sawa a kunne maimakon lasifikar waya.