Batirin firjin mota: AGM ko lithium?

Mai son firji ya kwana yana aiki a mota sai ya sa batiri na biyu, in ba haka ba da safe mota ta ƙi tashi. To, wanne zai saya?

AGM, wato batirin dalma rufaffe, ya fi araha, kuma rile mai raba batiran biyu ya ishe shi caji daga altaneta. Matsalarsa nauyi: mai 100Ah yakan kai kilo 30, kuma rabin cajinsa kaɗai za ka ci. Ka riƙa zuƙe shi ƙaf, ba zai daɗe ba.

Lithium, nau'in LiFePO4, bai kai rabin wannan nauyin ba, ga shi kana iya cin kashi 80 na cajinsa ba fargaba. Firji a zafin watan Afrilu kwamfuresa ba ta hutawa, nan ne bambancin ke fitowa. Amma lithium yana buƙatar cajar DC-DC, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa masa daga altaneta, don in an haɗa shi kai tsaye yakan ja wuta har altaneta ta yi zafi. Kada kuma a ajiye shi kusa da inji.

Mai doguwar tafiya, ni lithium zan ce ya saya. Kowanne ka ɗauka, sa fis dab da kan batirin, wayar kuma ta zama mai kauri.